Kwandon Cefane da Akwatin Zaɓe: Tarihin "Sayi Namu" a Kanada

A farkon shekarar 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya sanar da harajin kashi 25 cikin ɗari a kan kayan da ke shigowa daga Kanada, ya kuma riƙa nanata cewa gara ƙasar ta zama jiha ta 51 a tarayyar Amurka. Martanin farko daga kantuna ya fito. Masu cefane suka shiga jujjuya kwali da gwangwani suna neman sunan ƙasar da ta yi kayan, manyan kantuna suka liƙa jan ganyen nan na tutar ƙasa a jikin kayan gida, lardin Ontario da wasu larduna suka kwashe barasar Amurka daga shagunan gwamnati, iyalai da dama suka fasa tafiya hutu ƙetaren iyaka. Wanda bai san Kanada ba zai ɗauka sabon abu ne. Amma kiran "sayi namu" sa'an ƙasar ne a shekaru, kuma duk lokacin da Amurka ta turo ƙofa sai ya sake tashi. Darasin da ke cikin tarihinsa shi ne cewa kwandon mai cefane bai taɓa tsara alƙiblar cinikin Kanada ba. Akwatin zaɓe ne ya tsara ta, kuma hanyar da ake bi wajen mai da ƙuri'u kujeru ta sha ba wa wani ɓangare ikon da ya zarce yawan jama'ar da ke bayansa. Saboda haka maganar kasuwa da maganar gyaran tsarin zaɓe a Kanada tushensu ɗaya, ko da yake yau an fi tattauna su a rabe.

Asalin ƙasar ma daga rufewar kasuwa ya faro. Kafin 1846 alkamar yankunan Birtaniya na Arewacin Amurka tana shiga Ingila da rangwamen kuɗin fito. Da majalisar Landan ta soke dokokin hatsi a wannan shekara, sai gatan ya gushe, har wasu attajiran Montreal suka sa hannu a wata takarda a 1849 suna neman a haɗe su da Amurka. Gwamna Lord Elgin ya kwantar da ƙurar da yarjejeniyar 1854, irin ta ba ni gishiri in ba ka manda: hatsi da katako da kifi da kwal da dabbobi su ƙetare iyaka ta kowane ɓangare babu haraji. Ciniki ya bunƙasa, amma bai wuce shekara goma sha biyu ba. Amurka ta fito daga yaƙin basasarta da haushin yadda Birtaniya ta yi wa 'yan tawayen Kudu sassauci, masu masana'antunta kuma suna son kariya, sai ta kashe yarjejeniyar a 1866. A shekarar da ta biyo baya, ranar 1 ga Yuli 1867, Ontario da Quebec da Nova Scotia da New Brunswick suka dunƙule suka zama tarayyar Kanada. Akwai dalilan tsaro da na siyasa a wannan haɗuwa, amma dalilin kasuwa a fili yake: tunda kudu ta rufe, sai su sayar wa juna. Wannan shi ne "sayi namu" na farko, kuma 'yan majalisa ne suka ƙulla shi a cikin tsarin mulki.

Wanda ya mai da shi manufar ƙasa shi ne John A. Macdonald. Gwamnatin Liberal ta Alexander Mackenzie ta aika George Brown Washington a 1874 don a farfaɗo da tsohuwar yarjejeniya, majalisar dattawan Amurka ta ƙi. Macdonald ya ci zaɓen 1878 da alkawarin cewa in Amurka ba za ta buɗe ba, Kanada ma za ta gina tata katangar. A kasafin 1879 aka ɗaga kuɗin fito a kan kayan masana'anta, aka haɗa shi da shimfiɗa layin dogo har gaɓar tekun Pasifik, wanda aka kammala a 1885, da kuma cika filayen yamma da manoma 'yan ci-rani, bayan an ƙwace ƙasar daga hannun 'yan asalinta aka tsare su a keɓaɓɓun yankuna. Tsarin ya tafi kamar haka: alkama ta gangaro gabas, garma da tufafi da takalma su hau yamma, duka a kan dogon Kanada. Masana'antun Toronto da Montreal da Hamilton suka yi ƙiba. Amma manomin Saskatchewan yana sayar da alkamarsa a farashin kasuwar duniya, wanda ba shi da mai kare shi, sannan ya sayi injin girbi a farashin da haraji ya kumbura. A wajensa kishin kayan gida wani haraji ne da yake biya wa mutanen gabas. Akwai kuma abin da katangar ta haifar wanda masu gina ta ba su yi ƙyamarsa ba: kamfanonin Amurka suka tsallako suka kafa rassa a cikin gida don su kauce wa kuɗin fito. Kamfanin Ford ya fara haɗa motoci kusa da Windsor a 1904, General Motors ya kafa reshensa a Oshawa a 1918. Kayan na Kanada ne a lakabi, ribar kuwa tana tafiya Detroit.

Wannan saɓani ya fashe a 1911. A Disambar 1910 ɗaruruwan manoma suka yi tattaki zuwa majalisa a Ottawa suna neman a sassauta haraji, kuma firaminista Wilfrid Laurier ya cimma yarjejeniya da shugaba William Taft wadda za ta buɗe iyaka ga amfanin gona ba tare da ta taɓa yawancin kariyar masana'antu ba. Duk da haka masu masana'antu da bankuna da kamfanin jirgin ƙasa suka ga alamar tsagewar katanga. Attajirai goma sha takwas na Toronto, 'yan jam'iyyar Laurier, suka fito fili suka juya masa baya, ƙungiyar masu masana'antu ta ƙara wa yaƙinta na tallata kayan gida wuta. Sai kuma wani jigo a majalisar wakilan Amurka, Champ Clark, ya ce yana fatan ganin ranar da tutar Amurka za ta kaɗa a kan duk ƙasar har ƙuryar arewa. Wannan magana ta yi wa 'yan adawa aikin da kuɗi ba zai yi ba. Robert Borden na jam'iyyar Conservative ya kayar da Laurier bayan shekara goma sha biyar yana mulki. Abin lura shi ne yadda aka ci zaɓen. Tazarar ƙuri'u a faɗin ƙasa ba ta da yawa, amma a Ontario jam'iyyar Borden ta kwashe sama da kashi huɗu cikin biyar na kujeru, alhali fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu zaɓen lardin Laurier suka bi. Saskatchewan da Alberta, waɗanda suka fi kowa buƙatar yarjejeniyar, sun zaɓe ta, amma kujerunsu kaɗan ne. Tsarin da Kanada ta gada daga Birtaniya, irin wanda Najeriya ke zaɓen 'yan majalisa da shi, ya ce wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa shi ke ɗauke kujerar ko da bai kai rabi ba, sauran ƙuri'un kuma su tashi a banza.

Manoman yamma sun fahimci wannan lissafi tun kafin malaman jami'a su rubuta littattafai a kansa. Kundin buƙatun da majalisar ƙungiyoyin manoma ta fitar a ƙarshen yaƙin duniya na ɗaya ya haɗa rage kuɗin fito da raba kujerun majalisa daidai da yawan ƙuri'u a takarda ɗaya, domin sun ga cewa ba za su sami na farko ba muddin ana ƙidaya ta tsohuwar hanya. Thomas Crerar ya ajiye muƙamin minista a 1919 saboda kasafin kuɗi ya ƙi taɓa haraji yadda manoma ke so, kuma a zaɓen 1921 jam'iyyar Progressive da ya jagoranta ta zo ta biyu a yawan kujeru, ta ture Conservative zuwa ta uku. A matakin larduna gyaran ya tabbata. Birnin Winnipeg ya fara zaɓen wakilansa goma na majalisar Manitoba a 1920 ta hanyar da mai zaɓe ke jera 'yan takara, na ɗaya, na biyu, na uku, a raba kujeru gwargwadon goyon baya. Gwamnatin manoma ta Alberta ta kawo irin wannan a Edmonton da Calgary, aka fara aiki da shi a 1926. An yi kusan shekara talatin ana zaɓe haka kafin gwamnatocin lardunan biyu su soke shi a tsakiyar shekarun 1950. Duk mai cewa raba kujeru bisa yawan ƙuri'u baƙon abu ne da aka aro daga Turai ya manta da wannan babi. A Kanada ya taɓa zama kayan gida, kuma ƙorafin haraji na cikin abubuwan da suka haife shi.

Shekarun da suka biyo baya sun yi ta kai gwauro da mari a kan tambaya ɗaya. Dokar harajin Smoot da Hawley da Amurka ta kafa a 1930 ta sa Kanada ta rama, R. B. Bennett ya hau mulki ya ƙara tsawon katanga, ya kira taron ƙasashen daular Birtaniya a Ottawa a 1932 don su fifita kayan juna. Mackenzie King ya karɓi mulki a 1935 ya ƙulla sabuwar yarjejeniya da shugaban Amurka Roosevelt. A 1965 firaminista Lester Pearson da shugaba Lyndon Johnson suka sa hannu a yarjejeniyar motoci, wadda ta cire haraji amma ta ɗaure kamfanoni da sharaɗin ci gaba da ƙera wani kaso a Kanada. A 1971 shugaba Nixon ya ɗora ƙarin kashi 10 cikin ɗari a kan kayan waje bai ware maƙwabciyarsa ba, gwamnatin Pierre Trudeau ta shiga neman wasu kasuwanni da tace jarin ƙetare. Sannan aka zo 1988, zaɓen da ya fi kowane nuna abin da wannan rubutu ke faɗa. Firaminista Brian Mulroney ya ƙulla yarjejeniyar ciniki maras shinge da shugaba Ronald Reagan. Majalisar dattawan Kanada, inda 'yan Liberal ke da rinjaye, ta ƙi wucewa da ita sai an koma ga jama'a. John Turner na Liberal ya ce zai yayyage ta, Ed Broadbent na jam'iyyar NDP shi ma ya ƙi ta. A ranar 21 ga Nuwamba jam'iyyar Mulroney ta sami kashi 43 cikin ɗari na ƙuri'u da kujeru 169 cikin 295. Liberal ta sami kashi 32 da kujeru 83, NDP kashi 20 da kujeru 43. Fiye da rabin masu zaɓe sun bi jam'iyyun da suka ce a'a, amma yarjejeniyar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1989, ta zama tushen wadda ta haɗa da Meziko a 1994.

Akwai hujja mai nauyi da ake kawowa a nan. Ana cewa zaɓe ba ƙuri'ar raba gardama ba ne, ba kowane mai zaɓen Liberal ne ya ƙi yarjejeniyar ba, kuma Jean Chrétien da ya hau a 1993 bai soke komai ba, hasali ma shi ya aiwatar da ta Meziko. Ana ƙarawa da cewa cinikin ƙasashen biyu ya ninka, Kanada ta amfana. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba a buƙatar a ce yarjejeniyar kuskure ce kafin a ga matsalar. Majalisar da aka raba kujerunta bisa yawan ƙuri'u da ta tilasta wa Mulroney neman abokin tafiya, abokin kuma da ya nemi farashi. Wataƙila farashin ya zama sake duba sharaɗin makamashi, wanda ya hana Kanada rage kason man da take tura wa Amurka ko da a lokacin ƙaranci, sharaɗin da sai a yarjejeniyar da ta fara aiki a 2020 aka cire shi. Wataƙila ya zama tanadi mai ƙarfi ga ma'aikatan rassan kamfanonin da suka rufe a Ontario da Quebec bayan katanga ta faɗi. Shirun Chrétien kuwa bai nuna yardar jama'a ta baya ba. Ya nuna cewa irin wannan shawara in an zartar da ita, masana'antu suka sake tsarin aikinsu a kanta, janyewa ta fi shiga tsada. Shawarar da ba ta da saurin warwarewa ita ta fi cancantar rinjaye na gaskiya. Kuma alkawarin da aka sayar wa jama'a a 1988, wato tabbacin shiga kasuwar Amurka, bai hana rikicin katako da ya faro tun 1982 ci gaba ba, bai hana harajin ƙarafa da sanholo na 2018 ba, bai hana na 2025 ba.

Hujja ta biyu ita ce ƙasar da ke zaune kusa da ƙato tana buƙatar gwamnati mai ƙarfi da murya ɗaya, tsarin rabo kuwa, wato raba kujeru bisa yawan ƙuri'u, yana haifar da gwamnatocin gamin gambiza masu rauni a teburin ciniki. Tarihin Kanada da kansa ya musanta wannan. Pearson bai taɓa samun rinjaye a majalisa ba, amma a hannunsa aka sami yarjejeniyar motoci, wadda ta fi yawancin yarjejeniyoyi kare ayyukan gida, da tsarin fansho na ƙasa, da dokar inshorar lafiya, da tutar da ake liƙawa a kantuna yau. New Zealand ta koma tsarin rabo a zaɓen 1996, ba ta kuma daina ƙulla yarjejeniyoyin ciniki ba, har da wadda ta yi da Sin a 2008. Tsohon tsarin ma bai kawo haɗin kan da ake yaba masa ba: a 1993 jam'iyyar Mulroney ta sami kashi 16 cikin ɗari ta tashi da kujeru biyu, yayin da Bloc Québécois, mai neman ɓallewar Quebec, ta sami ƙasa da haka ta tashi da 54 ta zama babbar 'yar adawa. Inda masu wannan hujja suke da ƙafar tsayawa shi ne cewa jama'a sun sha ƙin gyaran da aka kai musu: Ontario a 2007, British Columbia a 2009 da 2018. Dole a girmama wannan. Amma a tuna cewa a 2005 kusan kashi 58 cikin ɗari na masu zaɓen British Columbia sun ce e, aka ce sai sun kai 60, ma'aunin da gwamnatocin da suka gindaya shi ba sa cikawa a nasu zaɓen. A tuna kuma Justin Trudeau ya yi alkawarin zaɓen 2015 ne na ƙarshe a tsohon tsari, ya sami kujeru 184 cikin 338 da ƙasa da kashi 40 cikin ɗari, ya ajiye alkawarin a 2017. Wanda tsari ya ɗora a kan kujera da wuya ya ga aibinsa.

Saura hujjar masu kwando, waɗanda ke cewa mai cefane ba ya jiran majalisa, kuɗinsa ƙuri'arsa ce ta kullum. Suna da misali mai kyau. Kamfanin Heinz ya rufe masana'antarsa ta garin Leamington a Ontario a 2014, ya bar manoman tumatir cikin zullumi, sai jama'a suka karkata ga markaɗaɗɗen tumatir na kamfanin French's saboda yana amfani da tumatirin garin. Wannan ya taimaki wasu gonaki, kuma raguwar matafiya da faɗuwar cinikin barasa a 2025 sun taɓa aljihun wasu jihohin Amurka. Sai dai iyakar kwando a bayyane take. Kusan kashi uku cikin huɗu na kayan da Kanada ke fitarwa Amurka suke zuwa, kuma manyansu ɗanyen mai ne da motoci da katako da ƙarafa, abubuwan da ba a sa su a kwandon cefane. Sassan mota kan ƙetare iyaka sau da dama kafin a gama haɗa ta, har ba a iya cewa ga ƙasarta. A ƙa'idar hukuma, lakabin da ke cewa an yi kaya a Kanada yana buƙatar kashi 51 cikin ɗari kawai na kuɗin sarrafawa ya zama na gida, sai lakabi mafi tsanani ne ke neman 98. French's ɗin ma kamfanin Amurka ne. A cikin hunturu kuma ganye da 'ya'yan itace daga kudu suke zuwa, kuma mai ƙaramin albashi ba ya da sukunin biyan ƙari don kishin ƙasa, kamar dai manomin Saskatchewan na wancan ƙarni. Ko shingayen da ke tsakanin larduna, waɗanda suka sa wani lokaci ya fi sauƙi a sayar wa Amurka da a sayar wa maƙwabcin lardi, doka ce ta kafa su, doka ce kuma majalisu suka fara warware su da ita a 2025.

Zaɓen 28 ga Afrilu 2025 ya sake nuna haɗin abubuwan biyu. Tambayar da ta mamaye shi ita ce wa zai iya tsayawa gaban Trump. Masu zaɓe da yawa suka bar jam'iyyar da suke so suka bi wadda suke ganin za ta kayar da wadda suke tsoro, domin sun san ƙuri'ar da ba ta zo ta ɗaya a mazaɓa ba ta ɓata. Firaminista Mark Carney ya ci gaba da mulki ba tare da cikakken rinjaye ba, NDP, wadda ta fi kowa alaƙa da ƙungiyoyin ƙwadagon masana'antun da harajin ya buga, ta faɗo zuwa kujeru bakwai cikin 343. Taswirar majalisa ta nuna Alberta da Saskatchewan kusan launi ɗaya, tsakiyar Toronto da Montreal wani launin, alhali a kowane ɓangare akwai dubban ɗaruruwan mutane da suka zaɓi akasin haka ba su da mai magana da yawunsu. A irin wannan majalisa ce za a yanke ko a shimfiɗa sababbin bututun mai zuwa gaɓar teku, ko a ci gaba da kare masu madara da kaji, ko a sadaukar da wace masana'anta don a ceci wata a zaman sake duba yarjejeniya da Amurka da Meziko. Kowace daga cikinsu za ta ɗora nauyi a kan wani yanki don amfanin wani, kamar yadda aka yi a 1879 da 1911 da 1988. Tsarin rabo ba zai sa Amurka ta yi taushi ba, ba zai kuma faɗa wa Kanada wace hanya ce daidai ba. Abin da zai yi shi ne ya hana kashi 40 cikin ɗari su ɗaure sauran da shawarar da za ta kai jikoki, ya kuma sa yankin da zai biya kuɗin ya kasance a teburin da ake yanke farashi. Manoman 1918 da suka rubuta haraji da tsarin zaɓe a takarda ɗaya sun yi daidai, kuma 'yan Kanada masu kishin kayan gida a yau suna da dalilin mayar da buƙatun biyu wuri guda.